"Na San Gidansu": Lamarin Kim Philby, Ɗan Gidan da Ya Yi wa Mosko Aiki

Ranar 4 ga Satumba 1945, wata huɗu bayan Jamus ta miƙa wuya, wani Barashe mai suna Konstantin Volkov ya shiga ƙaramin ofishin jakadancin Birtaniya da ke Santambul, matarsa na biye da shi, dukansu a tsorace. A takarda shi mataimakin ƙaramin jakadan Tarayyar Sobiyet ne. Ainihin aikinsa kuwa, babban jami'i ne na hukumar leƙen asirin Mosko a Turkiyya. Aka nemo John Reed, wani ma'aikacin jakadanci mai jin Rashanci, ya yi tafinta. Volkov bai tsaya kwana-kwana ba. Mafaka yake so, shi da matarsa, da kuɗin fara sabuwar rayuwa. Abin da zai biya da shi sunaye ne, na ɗaruruwan mutanen da ke yi wa Sobiyet leƙen asiri a Turkiyya da Birtaniya. Ya ɗan ɗaga murfin tukunya don a ji ƙamshi: akwai mutum biyu a ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, akwai kuma wani da ke riƙe da shugabancin wani sashe na masu farautar 'yan leƙen asiri a Landan.

Ya gindaya sharaɗi. Kada a kuskura a buga maganarsa ta tangaraho, domin mutanensa suna karanta wasu daga cikin saƙonnin zaurancen Birtaniya. A rubuta a takarda, a sa a jakar diflomasiyya. Zai jira mako uku.

Wannan taka-tsantsan shi ya ci shi. Jaka ta yi kwanaki a hanya kafin ta isa teburin Stewart Menzies, shugaban MI6, hukumar da ke leƙen asirin ƙasashen waje. Menzies ya karanta, ya ga magana ce ta Rasha, sai ya kira shugaban sashen da ke kula da Sobiyet ya danƙa masa. Sunan wannan shugaban sashe Kim Philby. Shekararsa 33 a duniya, 11 daga ciki ya yi su ne yana yi wa Mosko aiki. Siffarsa ce a cikin takardar da aka miƙa masa.

Philby ya nemi a ba shi dare guda ya yi nazari. A daren ya kai labari ga Barashen da ke karɓar saƙonsa a Landan. Daga nan sai jan ƙafa. Menzies ya so tura wani birgediya da ke aiki a Alƙahira, aka tarar mutumin ba ya hawa jirgin sama, aiki ya dawo hannun Philby kamar yadda ya so. Hadari ya karkatar da jirginsa zuwa Tunis, ya yada zango a Alƙahira, bai sauka Santambul ba sai da wa'adin mako uku ya cika. Da Reed ya tambaye shi abin da ya hana a turo mutum da wuri, sai ya ce ai da an yi haka da an dagula jadawalin hutun ma'aikata. Aka buga waya ofishin Sobiyet ana neman Volkov, aka ce ya tafi Mosko. Kwanaki kaɗan kafin nan an loda wani mutum naɗe da bandeji, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, cikin wani jirgin Sobiyet. Ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, daga shi har matar.

Philby ya koma Landan ya rubuta rahoto: wataƙila Volkov ya yi sakaci, ko ya sha ya yi suɓutar baki, ko an dasa masa na'urar sauraro a ɗaki. Aka karɓa, aka rufe fayil. A 1946 aka ba shi lambar girma ta OBE.

Na fara da wannan ne domin duk lamarin yana cikinsa a dunƙule. Mutum ya zo ya ce ɓarawonku shugaban sashe ne cikin masu farautar ɓarayi. Masu irin wannan muƙami ana iya ƙirga su da yatsu. Mai maganar ya ɓace jim kaɗan bayan labarinsa ya shiga hannun ɗaya daga cikinsu. Duk da haka ba wanda ya zauna ya jera sunaye. Akan ba da labarin Philby a matsayin na wani hatsabibi mai wayon tsiya, kuma wayo kam yana da shi. Sai dai in aka bi lamarin daki-daki, gidan da ya fito da mutanen da suka san gidan sun fi wayonsa yi masa aiki.

Ɗan wane ne

An haife shi ranar 1 ga Janairu 1912 a Ambala, cikin Indiya ta zamanin mulkin Ingilishi. Ainihin sunansa Harold, Kim laƙabi ne. Mahaifinsa, St John Philby, ma'aikacin mulkin mallaka ne da ya ɓata da gwamnatinsa ya koma ƙasar Larabawa, ya zama na hannun daman Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud, ya musulunta a 1930 ya ɗauki suna Abdullahi, ya ratsa saharar Rub'ul Khali a kan raƙumi a 1932. Mutum ne mai taurin kai, bakinsa ba ya raga wa hukuma, amma duk da haka na gida ne: ya yi makarantar Westminster, ya yi kwalejin Trinity a Kambirij, ɗansa kuma ya bi sawunsa tiryan-tiryan.

Kim ya shiga Trinity a 1929, shekarar da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe. Kafin ya gama a 1933, marasa aikin yi a Birtaniya sun doshi miliyan 3, gwamnatin jam'iyyar Leba ta watse, Hitler ya hau mulki a Jamus. Samari da dama a jami'ar suka yanke cewa jari-hujja ta zo gargara, kuma Mosko ce kaɗai za ta iya tare 'yan fasist. Yawancinsu sun yi muhawara, sun yi zanga-zanga, suka girma suka manta. Philby ya wuce Biyenna, babban birnin Ostiriya, inda a Fabrairu 1934 ya ga sojojin gwamnati suna luguden igwa a kan gidajen ma'aikata. Ya taimaka wajen fitar da waɗanda ake farauta, ya auri wata 'yar kwaminis mai suna Litzi Friedmann don ta sami fasfon Birtaniya. Ba a ɓoye aka ɗaura auren nan ba. Duk wanda ya so dubawa zai gani.

A watan Yuni 1934 aka kai shi wajen wani mutum a kan benci a lambun Regent's Park da ke Landan. Mutumin ya ce sunansa Otto. Arnold Deutsch ne, mai digirin digirgir, wanda ya fake da bincike a jami'ar Landan. Saurayin da ke gabansa ba shi da aiki, ba shi da sirrin kowa a hannu, amma Deutsch noman dabino yake yi, a shuka yau a jira shekaru. Umarninsa shi ne Philby ya yanke hulɗa da duk wani ɗan kwaminis, ya nuna ya yi hankali, ya nemi shiga inda 'ya'yan manya ke shiga. Ya kuma nemi ya kawo sunayen abokansa na Kambirij.

Haka aka sami Donald Maclean, ɗan tsohon minista, wanda ya shiga ma'aikatar harkokin waje a 1935. A wajen ganawar ɗaukar aiki an tambaye shi batun ra'ayinsa na kwaminisanci a jami'a, ya ce gaskiya bai gama kakkaɓe shi ba, masu ganawar suka ji daɗin gaskiyarsa suka ɗauke shi. Aka sami Guy Burgess, ɗan makarantar Eton, mashayi mai kaifin baki, wanda ya yi aiki a BBC. Ta hannun Burgess aka sami Anthony Blunt, masanin zane-zane mai dangantaka ta nesa da gidan sarauta, wanda ya shiga MI5, hukumar tsaron cikin gida, a 1940. Na biyar shi ne John Cairncross, ɗan mai shagon kayan ƙarfe daga Sukotlan, shi kaɗai ne ba ɗan gata ba a cikinsu.

Philby ya wanke kansa tas. Ya shiga wata ƙungiyar ƙawancen Ingila da Jamus mai sha'awar Hitler, sannan a 1937 ya tafi Sifaniya yana aika wa jaridar The Times rahoton yaƙin basasa daga ɓangaren Janar Franco. Ranar 31 ga Disamba na shekarar, kusa da Teruel, harsashin igwa ya faɗa dab da motar da yake ciki tare da 'yan jarida uku. Su ukun suka mutu, shi ya tsira da rauni a ka, Franco da hannunsa ya maƙala masa lambar yabo. Wa zai kalli mai lambar Franco ya ce ɗan kwaminis ne?

Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe ƙofa. A 1940 ya shiga MI6, a 1941 ya koma sashen da ke farautar 'yan leƙen asirin Jamus. Tantancewar da aka yi masa ta cancanci a tsaya a kanta. Kanar Valentine Vivian, mataimakin shugaban MI6, tsohon ɗan sandan Indiya ne, ya san St John tun can. Ya gayyaci uba da ɗa cin abincin rana. Da ɗan ya ɗan fita, Vivian ya tambayi uban: an ce yaron nan ya taɓa kwaminisanci a Kambirij? Uban ya ce shirmen ƙuruciya ne, ya wuce. Daga baya, da ake bin ba'asin yadda aka ɗauke shi, abin da Vivian ya ce shi ne an tambaye shi game da yaron, shi kuma ya ce ya san gidansu.

Mai karatu ɗan Arewa ba baƙon wannan tsari ba ne. Da irinsa aka riƙa zaɓo Di'o-Di'on da aka turo Kano da Sakkwato da Zariya: Ofishin Mulkin Mallaka a hannun Ralph Furse bai jingina da jarrabawa ba, ganawa ce da takardar shaida daga malamin kwaleji da wanda ya san iyayen yaro. Mu ma in za a ba da aure ko amana, tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne. Tambaya ce mai amfani a unguwa. Matsalarta a hukumar leƙen asiri ita ce abokin gaba ma ya san ita za a yi, don haka sai ya je gidan da ba a tuhuma ya ɗauko mutuminsa. Tun a 1940 wani jami'in Sobiyet da ya gudo, Walter Krivitsky, ya shaida wa MI5 cewa Mosko ta tura wani matashin ɗan jarida Bature ɗan Ingila zuwa Sifaniya lokacin yaƙin basasa. Ba wanda ya haɗa wannan da Philby sai bayan shekara goma.

Yadda yake satar ma ba wani siddabaru a ciki. Shi da bakinsa ya faɗa wa jami'an leƙen asirin Jamus ta Gabas a 1981, a wata lacca da aka ɗauka a fim, BBC ta fito da ita a 2016. Ya ƙulla abota da mai kula da ɗakin adana fayil, suna fita shan giya sau biyu ko uku a mako, har ta kai duk fayil ɗin da ya nema ana ba shi, ko da ba ruwansa da shi. Da yamma ya cika jaka ya tafi gida, ya miƙa wa Barashe a ɗauki hoto, da safe ya mayar. Shekara da shekaru.

Abin dariya, wurin da aka fara zarginsa da gaske Mosko ne. Kayan da su biyar ɗin ke aikawa sun yi yawa, sun yi kyau, har wata jami'a mai tantance rahotanni, Elena Modrzhinskaya, ta ce ruwa ba ya tsami banza: ba yadda za a yi Turawan Ingila su ɗauki sanannun 'yan kwaminis su zuba a hukumominsu in ba tarko ba ne. A 1943 hedkwata ta yarda da ita, sai a 1944 aka janye zargin. Hankalinta bai ba ta cewa sakaci zai kai haka ba.

A 1944 ɗin ne MI6 ta faɗaɗa Sashe na Tara don tunkarar Sobiyet bayan yaƙi. Mosko ta umarci Philby ya sami kujerar ko ta halin ƙaƙa. Ya yi wa maigidansa Felix Cowgill zagon ƙasa, Cowgill ya ajiye aiki, aka ba kura ajiyar nama. A kan wannan kujera takardar Volkov ta same shi.

Washinton da tsuntsun da ya tashi

Bayan ya riƙe ofishin MI6 a Turkiyya daga 1947, aka tura shi Washinton a ƙarshen 1949 a matsayin mahaɗa tsakanin hukumarsa da CIA da FBI. Ana ganin nan gaba shi zai shugabanci hukumar. Kusan kowane mako yana cin abincin rana da James Angleton na CIA, ana sha ana hira, abin da aka faɗa kuma yana isa Mosko. Yana cikin kwamitin da ke tsara tura 'yan gudun hijirar Albaniya su koma ƙasarsu da makamai don kifar da shugaban ƙasar, ɗan kwaminis Enver Hoxha. Da yawansu sun tarar ana jiransu. Shirin yana yoyo ta wurare da dama, ba ta wajen Philby kaɗai ba, amma shi yana zaune a teburin, kuma bai taɓa nuna nadama a kan mutanen ba.

Abin da ya fara warware saƙar daga wani wuri ya fito. Sobiyet na rufe saƙonninta da littafin lambobi wanda ake amfani da kowane shafinsa sau ɗaya tak. In an kiyaye wannan ƙa'ida ba mai iya karantawa. Amma cikin matsin yaƙi an buga wasu shafuka sau biyu, masu warware zaurance na Amurka a Arlington Hall suka gano, suka shiga tsintar kalma ɗaya-ɗaya daga tsofaffin saƙonni. Wannan shi ne shirin da aka sani da Venona. A ciki aka ga wani mai laƙabin Homer yana fitar da sirri daga ofishin jakadancin Birtaniya a Washinton a 1944 da 1945. Philby ya san Maclean ne, kuma saboda muƙaminsa ana sanar da shi duk taku ɗaya da masu binciken suka yi.

A Afrilu 1951 aka warware wani saƙo na Yuni 1944 mai cewa Homer yana zuwa New York wajen matarsa, wadda ke da juna biyu tana zaune gidan mahaifiyarta. Mutum ɗaya ne ya dace da wannan siffa. A lokacin Maclean shi ne shugaban sashen Amurka a ma'aikatar harkokin waje, giya ta fara cin ƙarfinsa, ba wanda ke zaton zai jure titsiye.

A nan Philby ya yi kuskurensa mafi girma, ko kuma ya riga ya yi shi tun 1950, lokacin da ya bar Burgess, wanda aka turo ofishin jakadancin, ya tare a gidansa. An tare Burgess sau uku a rana ɗaya a jihar Bajiniya saboda gudun wuce sa'a, aka kora shi gida, Philby ya ɗora masa saƙo: a fitar da Maclean, amma kai kada ka bi shi. Ranar Juma'a 25 ga Mayu, ranar da Maclean ya cika shekara 38, ministan harkokin waje Herbert Morrison ya sa hannu a kan izinin yi masa tambayoyi. Masu bin sawunsa na MI5 a tashar jirgin ƙasa suke rabuwa da shi kullum, don a ƙauyen Tatsfield da yake zaune baƙuwar fuska ba ta ɓuya. A daren Burgess ya zo da motar haya, suka ci abinci, suka nufi Southampton, suka hau jirgin ruwan tsakar dare mai suna Falaise zuwa St Malo a Faransa. Burgess bai dawo ba. Ba a sake ganinsu a fili ba sai 1956, a Mosko.

Da aka gaya wa Philby a ofis cewa tsuntsu ya tashi, kuma Burgess ya bi shi, firgicin da ya nuna na gaske ne. Ya koma gida ya ɗauki kyamararsa da sauran kayan aiki, ya tuƙa zuwa wani daji a gefen kogin Potomac, ya haƙa rami ya binne.

Shekara huɗu ana jan igiya

Shugaban CIA, Walter Bedell Smith, ya aika Landan cewa ba sa son sake ganin Philby. Aka kira shi gida. Dick White na MI5 ya fara yi masa tambayoyi, ya fito ya tabbata mutumin nan maci amana ne. A Disamba 1951 aka kawo lauya Helenus Milmo ya titsiye shi na sa'o'i. Milmo ya jero masa komai: Litzi, kuɗin tafiyarsa ta farko Sifaniya, maganar Krivitsky, da yadda saƙonnin rediyo tsakanin Landan da Mosko suka yi tashin gwauron zabo jim kaɗan bayan takardar Volkov ta iso, sannan na Mosko da Santambul suka bi baya. Philby yana da i'ina tun yana yaro, ranar ta yi masa rana: kowace tambaya sai ya ja ta, ya sami lokacin tunani. Milmo ya rubuta cewa ya gamsu Philby ya daɗe yana yi wa Sobiyet aiki. Gamsuwa dabam, hujjar kotu dabam. Ba a iya kai Venona gaban alƙali, in an kai an tona shirin. Abin da ya rage shi ne ya amsa da bakinsa, shi kuwa ya ƙi.

Ya ajiye aiki da kuɗin sallama fam 4,000. A MI6 kuwa abokansa suka ce zalunci ne, irin farautar da Sanata McCarthy ke yi a Amurka ce aka shigo da ita. Akwai tsohuwar tsama tsakanin hukumomin biyu. MI5 ta fi yawan tsofaffin 'yan sanda da sojoji masu bin fayil, MI6 kuwa ta 'yan kulob ce masu kallon waɗancan a matsayin 'yan ƙasa-ƙasa. A ganina, daga 1951 kariyar da ake ba shi ta sauya launi. Da can ba a zarge shi ba don ba a iya tunanin ɗan gida zai yi haka. Yanzu kuwa duk wanda ya tsaya masa, ya ɗaga shi, ya gaya masa sirri a kan teburin giya, yana da abin da zai rasa in zargi ya tabbata. Masu kare Philby kansu suke karewa.

Ranar 25 ga Oktoba 1955 ɗan majalisa Marcus Lipton ya ambaci sunansa a zauren majalisa a matsayin mutum na uku, wato wanda ya tsegunta wa Maclean da Burgess su gudu. Wannan ya tilasta wa gwamnati ta yi magana, ita kuwa ba ta da hujja. Ranar 7 ga Nuwamba ministan harkokin waje Harold Macmillan ya miƙe ya ce ba shi da dalilin cewa Philby ya taɓa cin amanar ƙasarsa. Kashegari Philby ya tara 'yan jarida a falon mahaifiyarsa, yana murmushi gaban kyamara, ya ce rabonsa da magana da wanda ya san ɗan kwaminis ne tun 1934. Lipton ya janye maganarsa.

Bairut

A 1956 amininsa Nicholas Elliott, wanda mahaifinsa ya taɓa zama shugaban makarantar Eton, ya sama masa aikin wakilin jaridun Observer da Economist a Bairut, aka kuma mayar da shi cikin masu karɓar kuɗin MI6 a ɓoye. Ba da jimawa ba Rashawa suka sake tuntuɓarsa. Mahaifin Philby ya rasu a birnin a 1960, aka binne shi a maƙabartar Musulmi. Daga nan shan Philby ya ƙaru, har ya kai ana kwasarsa daga wajen liyafa.

Abin da ya kayar da shi tsohuwar magana ce. A 1962 wata tsohuwar ƙawar gidansu, Flora Solomon, wadda rubuce-rubucensa kan Isra'ila suka ɓata wa rai, ta gaya wa Victor Rothschild, tsohon jami'in MI5, cewa tun kafin yaƙi Philby ya nemi jawo ta aikin Sobiyet. Fiye da shekara ashirin tana riƙe da wannan a ciki. A lokacin Dick White ne ke shugabantar MI6. Maimakon a tura ƙwararren mai titsiye na MI5, sai aka tura Elliott, bisa tunanin cewa aboki zai fi iya kwance masa baki.

Suka haɗu a Janairu 1963 a wani gida a Bairut da aka dasa wa na'urar ɗaukar magana. Aka kawo shayi. An bar taga a buɗe, hayaniyar titi da ƙahon motoci suka cinye rabin abin da aka ɗauka. Elliott ya ce masa asiri ya tonu, amma in ya faɗi komai ba za a kai shi kotu ba. Philby ya dawo da 'yar takardar amsa laifi, rabi gaskiya rabi ƙarya, yana cewa ya daina tun bayan yaƙi. Elliott ya karɓa ya bar garin. Ba a sa kowa gadinsa ba.

Daren 23 ga Janairu ana tafka ruwa, matarsa Eleanor tana jiransa a wajen wata liyafar cin abinci, bai zo ba. A daren wani jirgin dakon kaya na Sobiyet mai suna Dolmatova ya bar tashar Bairut cikin gaggawa, har ya bar kayansa a bakin ruwa. Har yau ana gardama ko sakaci ne ko da gangan aka bar ƙofa a buɗe. Ni dai na lura da abu guda: shari'ar Philby a Landan, da Macmillan yana firaminista, shi da ya wanke shi a majalisa, ba wanda za ta yi wa daɗi a cikin masu mulki.

A auna da na wasu. George Blake, jami'in MI6 da aka haifa a Holan, uwa 'yar ƙasar, uba Bayahude, an kama shi a 1961 aka ɗaure shi shekara 42. John Vassall, akawu a ma'aikatar sojan ruwa, ya sami shekara 18 a 1962. Blunt kuwa ya amsa laifi a 1964 bisa alkawarin ba za a taɓa shi ba, ya ci gaba da kula da zane-zanen Sarauniya da lambarsa ta Sir, sai a 1979 Margaret Thatcher ta bayyana sunansa a majalisa. Cikin su biyar ɗin nan na Kambirij babu ko ɗaya da ya taɓa tsayawa gaban alƙali kan leƙen asiri.

Ana iya fahimtar saurayin da ya ga igwa a Biyenna a 1934. Wanda ya fi wuyar fahimta shi ne mutumin da ya zauna daram bayan Stalin ya harbe Theodore Maly, ɗaya daga cikin waɗanda suka rene shi a aikin, a 1938, bayan yarjejeniyar Stalin da Hitler a 1939, bayan Volkov. A laccarsa ta 1981 bai ɓata lokaci kan wannan ba. Abin da ya bayyana wa masu sauraronsa shi ne dalilin daɗewarsa: an haife shi cikin masu mulki, ya san manya, don haka ya tabbata ba za a taɓa gwada masa ƙarfi ba, kuma da yawa a hukumar za su kwana ciki in aka tabbatar da laifinsa. Ya ba su shawara su koya wa mutanensu musu. Ko takarda aka nuna maka da rubutun hannunka, ka ce jabu ce.

A Mosko ya tarar shi ba hafsan KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, ba ne kamar yadda ya ɗauka, ɗan aike ne da aka gama da shi. Aka ba shi gida da fansho da masu gadi, ana buɗe wasiƙunsa. Yana sauraron BBC, yana karanta The Times da ke iso masa a makare, yana bin sakamakon wasan kurket. Burgess ya mutu a Agusta 1963 ba su gana ba. Sai a 1977, bayan shekara 14, aka fara gayyatarsa ya yi wa jami'an hukumar lacca a hedkwatarsu. Matarsa ta ƙarshe, Rufina, wadda ya aura a 1971, ita ta rage masa shan giya. Ya mutu ranar 11 ga Mayu 1988, aka binne shi a maƙabartar Kuntsevo da faretin girmamawa. A 1990 gidan wayar Sobiyet ya buga kan sarki na kofek 5 da hotonsa a jiki.